Hawan dutse da igiya a kwazazzabon Todra: amsa ga abokai huɗu masu shirin tafiya

Tambaya: Mu huɗu ne, abokai tun makaranta. Muna so mu je Maroko hawan dutse da igiya na kwana goma, a wurin da ake kira Todra. Biyu daga cikinmu sun taɓa hawan bangon atisaye na cikin ɗaki lokacin da suke karatu a waje, ni da ɗayan kuwa iyakarmu Dala da Kufena da ƙafa. Wane lokaci ya fi dacewa, me za mu saya, kuma me ya kamata mu ji tsoro?

Amsa: Ɗan'uwa, bari in fara da ta ƙarshen, don a kanta sauran suka rataya. Wanda bai taɓa hawa ba yakan zaci igiya ce za ta tsinke, ko hannu ya gaji mutum ya faɗo. Igiyar hawa ta zamani da wuya ta tsinke, sai fa in ta gogu a kaifin dutse da nauyi a kanta, ko ruwan batir ya taɓa ta a bayan mota. Faɗuwa kuwa cikin wasan take, dominta aka yi igiyar. Abin da ke raunata mutane a irin wannan hawa guda huɗu ne da ke ta maimaituwa a ko'ina: ƙulli da ba a ƙarasa ba, mai riƙon igiya da ya ɗauke hannu, igiya da ta ƙare ta zame daga birki (na'urar da mai riƙo ke ratsa igiya a ciki don tsayar da ita) ana cikin sauke mutum, da rashin fahimtar juna tsakanin na sama da na ƙasa. Duka huɗun daga hannunka ko hannun abokinka suke fitowa. Saboda haka kafin maganar tikiti, ku fara tambayar kanku waye a cikinku zai riƙe igiyar wani, kuma wa ya koya masa.

A lissafina ba ku da ko mutum ɗaya da zai jagoranci tafiyar nan. Bangon cikin ɗaki yana koyar da motsi da ƙulli, amma a can an riga an rataya komai, ƙasa katifa ce, tsawon igiya ya yi daidai da bango, kuma akwai ma'aikaci da ke zagayawa yana sa ido. A Todra ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ku ɗauki jagora na kwana uku na farko, in aljihu ya yarda ma na duk kwanakin hawan. Ku shirya da shi tun kuna gida ta hannun masaukinku ko shagon kayan hawa, kada ku tsaya sai wanda ya tare ku a bakin titi. Ku tambaye shi kai tsaye: koyarwa zai yi, ko rataya igiya kawai zai yi ku yi ta hawa kuna sauka? Ku na farkon kuke so. Ku tambayi mutum nawa yake ɗauka a rana, kada su wuce ku huɗun. In kun haɗu, ku duba kayansa da idonku. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin a duba masa igiya.

Shi wurin, tsaga ce da kogin Todra ya yanka a gabashin tsaunukan Atlas, kamar kilomita 15 arewa da garin Tinghir. Inda ya fi ƙunci faɗinsa bai fi mita 10 ba, bangayen kuwa suna kai wa kusan mita 300. Kwalta ta ratsa ta tsakiyarsa, shi ya sa wasu hanyoyin hawan daga gefen titi suke farawa. Turawa sun soma hawa a nan tun shekarun 1970, yanzu akwai hanyoyi ɗaruruwa da aka kafa wa ƙusoshin ƙarfe masu kunne a jikin dutse don saƙala igiya. Dutsen na farar ƙasa ne, ja-ja, mai kaifi da ramuka, ba irin sulɓaɓɓen dutsen Kufena ko Zuma ba. Yana riƙe takalmi sosai, yana kuma cin fatar yatsa sosai. Sassan da sababbi suka fi zuwa su ne irin Plage Mansour kusa da mashiga da Petite Gorge can ciki. Akwai doguwar hanya sananniya, Pilier du Couchant, mai zango-zango har saman bango. Za ku gan ta, ranku zai biya. Ku ɗauke ta hoto ku bar ta sai wata shekarar.

Lokaci mafi kyau Maris zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakiyar shekara zafi ne mai tsanani, dutse ya ɗau rana hannu ya yi ta gumi. Disamba da Janairu kuwa dare na iya kai wa ƙanƙara. Mutumin Kano ya saba shirya wa zafi, amma a can sanyi ne zai ba shi mamaki: Tinghir tana sama da mita 1,300 daga teku, rana ba ta sauka ƙasan kwazazzabon sai na 'yan sa'o'i, iska kuma tana bi ta cikinsa kamar ta bututu. Mai hawa yana gumi, mai riƙon igiya yana karkarwa. Kowa ya zo da rigar sanyi mai kauri da hula. Sai ambaliya. Ana iya yin ruwa can kan tsauni inda ba ku gani ba, ya taru ya sauko ta tsagar nan cikin ɗan lokaci. A Satumban 2024 ruwa mai ƙarfi ya yi ɓarna a kudu maso gabashin Maroko har aka rasa rayuka. In kuka ga hadari ya haɗu ta arewa, ko ruwan kogin ya fara juyawa ja, ku naɗe igiya ku fita. Kuma ku duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi, don hawa da ƙishi yana rage natsuwa, natsuwar kuwa ita ce jarinku.

Kwana goman nan ba goma ba ne in aka lissafa. Jirgi zai sauke ku a Kasabalanka. Daga nan ko jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, kamar awa uku, sannan bas ɗin CTM ko Supratours ya haura da ku mashigar Tizi n'Tichka mai tsayin mita 2,260, ya bi ta Warzazat zuwa Tinghir, wanda wuni guda ne cur. Ko kuma ku ɗauki ƙaramin jirgi zuwa Warzazat ku yi saura kilomita 170 a mota. Ko ta ina, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Saura shida. A cikin shidan fatar yatsunku da gaɓoɓinku ba za su yarda da hawa kullum ba: kwana biyu hawa, ɗaya hutu. Ke nan kwanakin hawa huɗu ne, in an matsa biyar. In kuna da niyyar ƙarawa da ziyarar Fas, kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi, ku ƙara kwanaki daban, kada ku yanko daga waɗannan. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, a nema da wuri kafin a biya kuɗin masauki. Ku ciri dirhami a Tinghir, don cikin kwazazzabon tsabar kuɗi ake karɓa. Inshorar tafiya ta gama-gari kuma yawanci ta cire hawan dutse da igiya daga abin da take biya. Ku karanta wannan layin da kanku, ku nemi wadda ta ambaci hawan da sunansa, da ɗauko mara lafiya zuwa babban asibiti.

Yanzu kaya. Kowane mutum yana buƙatar ɗamarar hawa mai zagaye ƙugu da cinyoyi, hular kwano ta hawa, takalmin hawa, da jakar alli, wato farin garin da ake shafawa a hannu don busar da gumi. Hular babur ko ta 'yan gini ba ta maye gurbinta. Takalmi ya kama ƙafa ba tare da safa mai kauri ba, yatsu su taɓa gaba amma kada su naɗe har su yi zafi. Sabon shiga da ya sayi mai matsewa don ya ji an ce haka ƙwararru ke yi, kafin azahar zai cire ya jefar. Takalmi da hula ana samun haya a can. Ɗamara da igiya kuwa na fi son ku san tarihinsu, wato naku sababbi ko na jagoran da kuka duba.

Na ƙungiya: igiya biyu, kowace mita 70, kauri milimita 9.5 zuwa 9.8, mai talewa, wadda ke ɗauke da lambar EN 892 a bakinta. Ku kula da wannan lambar. Akwai igiya marar talewa da masu aikin dogayen gine-gine da masu shiga rijiya ke amfani da ita, kamanninsu ɗaya a ido. In mutum ya faɗo a kan marar talewa, duk ƙarfin tsayawar a ƙugunsa da bayansa zai ƙare. Mai talewa ita ke shanye bugun. Kowace igiyar tana da nauyin kilo huɗu da 'yan kai. Sai tagwayen ƙugiya, wato ƙugiya biyu da ɗan gajeren madauri ya haɗa, guda 15 ga kowace igiya. Birki biyu, kuma ga sababbi na fi son mai taimakon kamawa irin GriGri na kamfanin Petzl, wanda ke karɓar igiya daga milimita 8.5 zuwa 11. Ƙugiya mai makulli guda shida zuwa takwas, madaurin zobe na santimita 120 guda huɗu, tabarmar igiya don kada ta sha yashi, da littafin hanyoyin wurin na baya-bayan nan. A jikin kowace ƙugiya ta gaskiya za ku ga lambobi da haruffan kN. Kowane ɗaya kamar nauyin kilo 100 ne. Ƙa'ida ita ce ta ɗauki aƙalla 20 a tsaye da bakinta a rufe, amma in bakin a buɗe yake ko nauyi ya faɗo mata a gicciye, abin ya sauko wajen 7. Waɗannan ƙananan masu launi da ake rataya makulli da su a kasuwa ba sa cikin lissafi ko kaɗan. Duk ƙarafan da igiya su shiga jakar da ake aunawa, kuma allin ku bar shi cikin ledarsa ta kamfani a rufe. Farin gari a ƙunshe cikin leda marar suna, a filin jirgi, da koren fasfo, kun san sauran labarin.

To, ga yadda hawan yake. Iri biyu za ku yi. Na farko igiyar sama: igiya ta riga ta ratsa maɗaurin da ke ƙarshen hanya ta dawo ƙasa, mai hawa a baki ɗaya, mai birki a ɗayan. In ya zame, ɗan lilo kawai zai yi. Kai da abokinka da ba ku taɓa hawa ba, a nan za ku tsaya duk tafiyar, kuma ba abin kunya ba ne. Na biyu jan gaba: mutum ya hau da igiya tana bin bayansa, yana saƙala ta a ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Wannan na abokanku biyu ne, bayan jagora ya gan su ya gamsu. Matakan wahala a can na Faransa ake bi: 4, 5a, 5b, 5c, 6a, haka har sama. Wanda ke hawan 6a a ɗaki ya fara da 4 ko 5a a dutse, don a waje ba wanda ya shafa wa mariƙa fenti, da ido da tafin hannu ake nemansu.

Kafin ƙafa ta bar ƙasa, kowane hawa, ko na goma ne a ranar, mutum biyun su duba juna da hannu, ba da ido kaɗai ba. Mai birki ya kama ƙullin mai hawa ya ja: ƙulli mai siffar 8 ne da aka bi sawunsa aka maimaita, ya ratsa madaukai biyun ɗamara, na ƙugu da na cinya, kuma jelarsa ta rage aƙalla santimita 10. Ya duba ɗamarar tana saman ƙashin ƙugu, a ɗaure. Mai hawa shi ma ya duba igiya ta shiga birki ta fuskar da zanen jikinsa ya nuna, ya fizge ta ya ga ta kama, ya matsa bakin ƙugiyar ya tabbatar a kulle take. Abin da ke hana a ƙarasa ƙulli kusan kullum hira ce: mutum yana tsakiyar ɗauri, aka miƙo masa ruwa ko aka ce ya juyo a ɗau hoto, ya saki, ya manta. Ku sa doka, mai ɗaura ƙulli ba a yi masa magana.

Abu na ƙarshe a dubawar shi ne wutsiyar igiya, kuma a nan zan daɗe, don shi ne kuskuren da ke kama har waɗanda suka shekara ashirin suna hawa. Mai hawa ya je sama ya dawo, ke nan igiya tana cin tsawon hanya sau biyu. Mita 70 tana sauke mutum daga hanya mai mita 35, ba ƙari. In hanyar mita 38 ce, ko mai birki ya ja baya ya gangara ƙasa kaɗan, ko an taɓa yanke bakin igiyar da ya lalace aka manta, to mai hawa yana saura mita biyar ko shida da ƙasa wutsiyar za ta zo hannun mai birki. Shi kuwa idonsa na sama. Igiyar ta ratsa tafinsa, ta ratsa birki, ta wuce. Ba GriGri ba, ba wani birki da zai kama igiyar da babu. Maganin bai kai daƙiƙa goma ba: a ƙulla ƙulli mai kauri a wutsiyar, kamar rabin mita daga baki, ko a ɗaure ta a tabarmar igiya. Kullum, har a gajeriyar hanya, don ya zama ɗabi'a. Kada ku dogara da tsawon da littafi ya rubuta, wani lokaci an ƙara wa hanya tsawo bayan an buga shi.

Mai birki yana da ƙa'ida ɗaya da ba ta da togiya: hannun da ke riƙe da igiyar da ta fito ta ƙasan birki ba ya sakinta, ko ƙuda ya shiga ido. GriGri taimako yake yi, kuma ana kashe taimakon nan ta hanya biyu: a danne shi da babban yatsa don ba da igiya a manta a ɗaga, ko a ja marikin saukarwa har ƙarshe cikin firgici. A tsaya kusa da bango, taku ɗaya ko biyu, ɗan gefe da layin mai hawa. Wanda ya tsaya nesa don ya huta da ɗaga wuya, in aka faɗo igiya za ta fizge shi ta maka da bango. Ku kuma auna kanku. In mai jan gaba ya fi mai birki da kilo goma ko fiye, faɗuwa za ta ɗaga na ƙasan sama har ƙusar farko. Ku haɗa masu kusan nauyi ɗaya, ko ku nemi na'urar Ohm ta kamfanin Edelrid da ake saƙalawa a ƙusar farko don ƙara gogayya.

Ga masu jan gaba, lissafin faɗuwa shi ne nisanka daga ƙusar ƙarshe sau biyu, a ƙara sakin igiyar da ke tsakani, a ƙara talewa. Kana mita ɗaya da rabi saman ƙusa, ka faɗo: mita uku, da kamar mita ɗaya na saki, da talewa, ka doshi biyar. Can sama wannan iska ce kawai. Amma tsakanin ƙusa ta farko da ta uku, ƙasa tana kusa, kuma mafi munin lokaci shi ne sa'ad da mutum ya jawo igiya da yawa zai saƙala ya kasa. Saboda haka a saƙala daga inda aka tsaya da kyau, ƙusa tana tsakanin ƙugu da ƙirji, ba a miƙe ana ɗage ba. In ƙusar farko ta yi nisa, a saƙala mata igiya daga ƙasa da doguwar sanda. Igiyar ta shiga ƙugiya daga ɓangaren dutse ta fito ta ɓangarenka. In aka juya, faɗuwa na iya sa ta danne bakin ƙugiyar ta fice. Kada igiya ta kasance bayan ƙafarka, don ita ke kifar da mutum kai ƙasa ƙeya ta daki bango. Su kansu ƙusoshin, a Todra shekarunsu sun bambanta: akwai sababbi masu sheƙi, akwai tsofaffi masu tsatsa da nisa tsakaninsu, wani wuri ma a tarar an kwance kunnen ƙusar ƙasa an tafi da shi. A ƙirga su daga ƙasa kafin a fara. In ba su yi muku ba, hanya ta gaba tana nan taku biyar.

Bayan wutsiyar igiya, wuri na biyu da ake yin asarar rai shi ne maɗaurin sama, lokacin da na ƙarshe zai kwashe kayanku ya sauko. Wannan a koye shi a ƙasa, a maɗaurin gwaji daidai tsayin mutum, sau goma, jagora na kallo. Tsarin da ya fi aminci shi ne wanda ba ka taɓa rabuwa da igiya ba. Ka isa, ka saƙala kanka a maɗaurin da madauri da ƙugiya mai makulli daga madaukin tsakiyar ɗamararka. Mai birki bai cire ka ba, yana riƙe. Ka nemi ƙarin igiya, ka ninka ta, ka tura ninkin ta cikin zobban ƙarfen biyu. Ka ƙulla 8 a kan ninkin da ya fito, ka saƙala shi a madaukin tsakiya da wata ƙugiya mai makulli, ka kulle. Sai yanzu za ka kwance ƙullinka na asali ka zaro jelar daga zobban. Ka ce a ja, ka zauna a kan igiyar har ka ga madaurinka ya yi sako-sako, wato igiya ce ke ɗauke da kai. Daga nan ne kawai za ka cire madaurin da sauran kayanku. In zobban sun yi ƙanƙanta ninki ba zai shiga ba, akwai wata hanyar da ake kwancewa a sake ɗaurawa, jagora ya nuna muku ita daban. Kada a taɓa sauke mutum da igiya tana gogar igiya ko madauri kai tsaye, don zaren nailan yana narkewa da zafin gogayya cikin 'yan mitoci. In zoben ya cinye har ya yi kwari mai kaifi, ku bar ƙugiyarku ɗaya a can ku sauko a kanta. Ta fi igiya araha. Kuma in za ku yi ta hawan igiyar sama, ku rataya a kan ƙugiyoyinku biyu masu makulli, ba a zobban wurin ba, don kada ku cinye wa na baya.

Sai kalmomi. Kogi na ƙara, iska na kaɗawa, da rana motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika titi, ga wasu masu hawa a gefenku suna ihu da Faransanci. Tun a masauki ku tsayar da kalmomi kaɗan, gajeru, waɗanda ba su yi kama da juna ba, kuma a fara da sunan mutum. "Ja" in kana so a tsuke igiya. "Ƙaro" in kana son ƙari. "Sauke ni" in ka gama. Kalmar "saki" ku haramta ta gaba ɗaya, don na sama yana nufin a sassauta, na ƙasa yana iya jin a cire hannu. Haka "na gama" ko "shi ke nan": mai birki ya ji ya ɗauka an sallame shi, ya zare igiya daga birki, na sama kuwa ya jingina baya yana jiran a sauke shi. Ku yanke tun a ƙasa cewa kowa sauke shi za a yi, kuma ba a cire birki sai ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa. In dutse ya ɓalle a yi ihun "Dutse!", in kuka ji maƙwabta sun ce "Caillou!" abu ɗaya suke nufi. Kada a ɗaga kai a duba, a matsa jikin bango. Awakin makiyaya suna yawo a saman bangayen nan suna turo tsakuwa, shi ya sa hula tana kai tun daga isowa gindin dutse, har ga wanda ke zaune yana cin dabino.

Ƙananan abubuwa da ke ɓata tafiya: zoben azurfa a cire shi a bar shi a masauki, don in ya maƙale a ramin dutse aka zame, da fatar yatsan yake tafiya. A yanke farce, hannu da ƙafa. Riga mai faɗi, igiyar wando, bakin gyale ko dogon gemu duk birki na iya haɗiye su. A tusa komai ciki, mace ta sa ƙaramin hijabi marar allura a ƙarƙashin hula. Waya da carbi a aljihu mai zif. Ruwa lita biyu zuwa uku ga kowa, don busasshiyar iskar wurin tana shanye mutum bai ji ƙishi ba. Kowace safiya a fara da hanya biyu masu sauƙi. Jijiyoyin yatsa ba sa ƙarfi da saurin damtse, kuma in aka ji ƙas a gindin yatsan zobe ko na tsakiya sa'ad da aka damƙi ƙaramin mariƙi, hawan wannan tafiyar ya ƙare, kada a naɗe da filasta a ci gaba. Ku riƙe filastar zane don yankan fata, bandeji, maganin wanke ciwo da na zawo.

In babban abu ya faru, lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana a Maroko 15 ce, ta jandarma masu kula da karkara kuwa 177. Cikin tsagar sabis na waya yana ɗaukewa a wasu wurare, don haka ranar farko ku lura da inda yake kamawa, ku kuma ajiye lambar mai masaukinku da ta direban tasi ɗaya. Akwai asibiti a Tinghir, amma mummunan rauni sai an wuce da mutum gaba, tafiyar sa'o'i, kuma kada ku sa ran jirgin ceto mai saukar ungulu cikin minti ashirin kamar a tsaunukan Turai. Wanda ya faɗo ƙasa yana kukan wuya ko baya, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, kada a ɗaga shi a cusa a tasi. A riƙe kansa yadda yake, a danne inda ke zubar jini, a lulluɓe shi da rigunan sanyi, mutum ɗaya ya tafi kiran taimako da sunan sashen da kuke a rubuce.

Watannin da suka rage kafin tafiya, ku biyun da ba ku taɓa hawa ba ku sayi igiya mita uku ku riƙa ɗaura 8 ɗin nan har ku iya shi ido a rufe, kuna yi wani na duba muku. Ku yi tafiyar ƙafa da hawan tudu sau uku a mako, ku riƙa rataya a sandar ƙarfe daƙiƙa ashirin zuwa talatin, sau biyar, kuna hutawa tsakani. Kada ku wahalar da kanku da ɗaga ƙarfe don damtse, a matakin 4 da 5 ƙafa ce ke hawa, hannu daidaita jiki kawai yake yi. Abokan naku biyu kuma, in akwai bangon atisaye inda za su iya kaiwa, su koma su sabunta riƙon birki da kama faɗuwa, kowannensu da mutumin da zai riƙe wa igiya a Todra.